Kowane Mazubin Ruwa da Irin Ladan da Yake Karɓa

Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce. Ko a salka aka zuba ta, ko a gora, ko a fulas mai tsada da aka yo tsarabarsa daga Makka, nauyinta na nan yadda yake. Shi kuwa mai tafiyar ƙasa cikin ranar Sakkwato a watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, yana iya zubar da gumin da ya kai lita guda cikin awa ɗaya. Ga nauyi a kafaɗa, ga ƙishirwa a maƙogwaro, kuma ba a rage ɗaya sai ɗayan ya ƙaru. Shi ya sa nake ganin zaɓen abin da za a zuba ruwan tafiya a ciki ba ƙaramar magana ba ce, ko da yake yawancinmu abin da hannu ya kai gare shi muke sura mu fita.

Masu tafiyar ƙasa kuwa ba su ƙare a garin nan ba, duk da yawan kabu-kabu da Keke Napep. Akwai makiyayin da ke koro shanu zuwa kasuwar Kara tun da asuba. Akwai manomin da ke gangarawa fadamar Kwalkwalawa ya yini a can, da mafarauci, da ɗan cirani, da mai tallar da ke zaga shiyoyi daga Mabera har Runjin Sambo da tire a ka. Akwai kuma sababbin shiga, matasan da kan saɓa jaka ranar Asabar su nufi wajen Wamakko ko Kware don motsa jiki. Wasunsu har doguwar tafiya suke sha'awa, irin wadda Suleiman Hashimu ya yi daga Legas zuwa Abuja a 2015.

Duk wanda ya taɓa sayen buhun gero ko na albasa a Tsohuwar Kasuwa ya san ba a barin ɗan dako ya ɗora kaya a ka sai an yi jinga. Wani kuɗi yake so. Wani ya ce a ɗibar masa a cikin kayan. Wani kuma ya amsa da araha, sai an kai rabin hanya ya dire buhun ya ce nisan ya wuce yadda aka faɗa masa. Mazubin ruwa ma ɗan dako ne, babu wanda zai kai maka ruwa inda za ka kyauta. Wani a cikin ruwan yake ɗibar ladansa, wani a kafaɗarka, wani a aljihunka. Wani kuma, wanda ya fi kowa araha a ido, a kan lafiyarka yake fanshewa. Abin da ya rage gare ka shi ne ka san jingar tun kana gida.

Mu fara da dattijuwar cikinsu. Salka fatar akuya ce da aka feɗe ɗungurungum ba a tsaga cikin ba, aka jeme ta da bagaruwa, aka ɗaure ƙafafu, aka bar wuya ya zama baki. Ƙasar nan kuwa gidan fata ce, don fatar jar akuyar Sakkwato fatake suka riƙa ƙetara Sahara da ita har ta kai kasuwannin Turai ta hanyar Maroko. Babbar salka takan ci ruwan da ya kai jarka guda, in kuma ruwan ya ƙare sai a naɗe ta a cusa cikin kaya. Babu wani mazubi mai tauri da zai yi maka haka.

In ana so a san darajarta sai a tuna da dajin Gundumi, wanda masu zuwa Sakkwato daga Katsina ta ƙasar Zamfara ke ratsawa a da. Ba a yada zango a cikinsa, saboda ƙarancin ruwa da kuma tsoron harin Gobirawa. In an shiga, to, sai an fita. Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda aka fi sani da Abdulkarim, ya bi ta cikinsa a 1853 a kan hanyarsa ta zuwa wurin Sarkin Musulmi Aliyu Babba, kuma sun shafe kimanin awa 26 suna tafiya, ga shi bazara ta kama. A irin wannan hanya, ruwan da mutum ya ɗauko shi ne ransa. Har gobe Buzayen da ke kai ayarin gishiri tsakanin Agadas da Bilma ba su rabu da salka ba, kuma a Nijar za ka ga direbobin manyan motoci sun rataye ta a jikin mota iska na bugunta.

Sirrinta naso ne. Ruwa na tsattsafowa ta ƙofofin fatar a hankali, busasshiyar iska ta kwashe shi, kuma duk ɗigon da ya tashi da zafi yake tashi. Yadda gumi ke sanyaya jikin mutum ke nan. A lissafin masana, idan abin da bai fi babban cokali ɗaya da ɗan ɗori ba ya bi iska, ya isa ya sauke zafin lita guda da digiri 10. Amma tunda zafin waje ba ya daina shigowa, nason ma ba ya tsayawa, yini guda ana biya.

Na taɓa tsayawa wurin wani dattijo baduku a Shiyar Madunka, yana zaune a kan buzu yana shafa wa wata tsohuwar salka man shanu da tafin hannu, yana bin ɗinkin ƙafafun ɗaya bayan ɗaya da babban yatsa. Wata kuma cike da ruwa na rataye a ƙofar rumfar, jikinta ya yi baƙi da laima, ƙasan wurin ya jiƙe. Na ce, “Baba, waccan ai yoyo take yi.” Ya ɗago ya dube ni, ya ce, “Ɗana, salkad da ba ta zuhwa ba ta sanyi. In kag ga ta bushe ƙamas, to ruwan ciki ya yi zahi. Zo ka sha ka jiya.” Ya kwance bakin ya tsiyaya mini a moɗa. Ana tsakiyar bazara, amma ruwan ya yi sanyin da ke sauka har ƙirji, da ɗan ƙanshin bagaruwa a bayansa.

To, wannan shi ne ɗan dakon da ke ɗiba a cikin kaya. Ka cika ta da safe, da yamma ta rage, ba kuma kai ka sha ba. Sabuwa takan ba ruwa launi da ɗanɗanon jima sai ta kwana biyu ana amfani da ita. In aka ajiye ta ta bushe sai ta tsattsage, ɓera kuma na sonta. Ba ka ganin cikinta, hannu ba ya shiga balle a cuɗa. Babban cikas ɗinta ga mai tafiya shi kaɗai shi ne jikinta kullum a jiƙe yake, ga nauyi; jaki take so ko raƙumi, ba bayan mutum ba. Ina girmama salka ƙwarai, amma ba zan ce wa yaron da zai taka zuwa Kware ya saɓa ta ba.

Gorar duma, wadda wasu ke kira gyandama, ita ce ta mai tafiya shi kaɗai tun asali. Ba ta da nauyi, a gona ake shuka ta, kuma kaurin jikinta na hana ruwa saurin ɗumama, ko da yake ba ta kai salka sanyi ba. A saƙa mata ragaya ta igiya ko ta fata, a toshe baki da totuwar masara, a rataya a sanda. Sabuwa takan yi ɗaci sai an jiƙa ta kwanaki ana zubarwa. Ladanta lallaɓawa ne. Faɗuwa ɗaya a kan marmara, shi ke nan, ga gyartai ya yi wuyar gani yanzu, kuma ko an ɗinke ta ba ta komawa riƙe ruwa kamar da. Tulu da randa ba na tafiya ba ne, na tsakar gida ne da ƙofar masallaci, amma da nason nan suke aiki su ma. Da shi ne malamin nan na Jigawa, Mohammed Bah Abba, ya haɗa tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani don adana kayan miya, har ya samu lambar yabo ta Rolex a 2000.

Sai roba, wadda ta cinye kasuwar gaba ɗaya. Irin wannan ta ruwan gora da lemo, a 1973 wani injiniyan kamfanin DuPont na Amurka mai suna Nathaniel Wyeth ya yi rajistar ƙirƙirarta, ga shi yau babu ƙauyen da ba ta kai ba. Kada a raina ta don tana ko'ina. Robar lita ɗaya da rabi ba ta kai giram 50 ba in babu ruwa a ciki, wato kusan duk abin da ka ɗauka ruwa ne, ba mazubi ba. Murfinta na rufewa ruf. Kana ganin ko ruwan garau yake ko da laka, kana kuma ganin nawa ya rage, wanda shi ne abin da ke gaya wa mai hankali lokacin juyawa gida. In ta faɗi ba ta fashewa, in ta ɓace ba a jin ciwo. A yammacin Amurka akwai wata hanyar tattaki, Pacific Crest Trail, da ta tashi daga iyakar Meziko har iyakar Kanada, sama da kilomita 4,000. Masu binta suna da kuɗin sayen kowane irin fulas, amma da yawansu irin wannan robar ta kanti suke ɗauka, saboda wanda zai yi watanni yana tafiya kowane giram lissafa shi yake yi.

Tana da wani amfani kuma da ya dace da ƙasar rana irin tamu. Idan aka zuba ruwa marar laka a farar roba wadda ba ta wuce lita 2 ba, aka kwantar da ita a rana tsawon awa 6, a kan kwano ko dutse, hasken ranar da zafinta na kashe yawancin ƙwayoyin cutar da ke kawo gudawa. Masana a Suwizalan ne suka zurfafa binciken wannan dabara, hukumar lafiya ta duniya kuma ta amince da ita. In da hadari, kwana biyu ake bari. Ba ta cire guba, ba ta kuma aiki a ruwa mai laka sai an fara kwantar da shi da alam ko dakakken ƙwallon zogale. Amma ga makiyayin da tafki ne madogararsa, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Jingarta fa? Zafi. Awa ɗaya a rana, ruwan ya koma kamar na haɗa shayi, har da warin roba. Wannan ba maganar jin daɗi kawai ba ce, don ruwan ɗumi ba ya shiga rai, sai mutum ya riƙa kurɓa yana ajiyewa, jiki na bushewa bai sani ba. Kuma ba a yi ta don a daɗe da ita ba. In ta fara dusashewa da ƙarce-ƙarce, datti na maƙalewa a ciki, ruwan zafi kuma lanƙwasa ta yake yi balle a ce za a wanke da shi. Ta tsufa, a canza. Abin da ya fi damuna shi ne robobin da ake tsinta a bola a sayar a tsibi. Ba ka san bakin da ya sha ba, ba ka san ko fetur ko kananzir aka taɓa aunawa a ciki ba. In za ka yi tafiya da roba, ta zama wadda kai ka fasa murfinta. Akwai masu kauri da faɗin baki da ake sayarwa musamman don a yi ta amfani da su, irin su Nalgene. Sun fi nauyi kaɗan, sun fi tsada, amma buroshi na shiga cikinsu kuma suna shekaru.

Jarka ita ce babbar yayar roba. Ƙaramin galan na lita 4 ko 5 shi ne abokin mai yini a gona, babbar kuma ta lita 20 ko 25 ta jaki ce da kura. A nan ne zan ɗaga murya. Na sha ganin jarkar maganin feshi, ta kashe ciyawa ko ta ƙwari, an ɗauraye ta da omo an mai da ita ta ruwan sha, har da takardar kamfanin manne a jiki da zanen ƙoƙon kai. Wallahi wanki ba ya fitar da wannan guba, don jikin robar ya riga ya sha. Ba kuma rana ɗaya take kayar da mutum ba, a hankali take bin jiki, sai a wayi gari ana neman dalilin ciwo. Jarkar da ta ci maganin feshi a huda ta kada wani ya ɗauka. Haka ta fetur da ta baƙin mai. Ta man gyaɗa ko ta manja, in an wanke sosai, ba laifi.

Ruwan leda kuwa, ni ban ɗauke shi mazubi ba. Rabin lita ne, da zarar ka ciji kusurwa sai ka shanye ko ka zubar. Ƙaya ɗaya ta aduwa ta isa ta jiƙa maka kaya duka. Jakarsa mai guda 20 kilo 10 ce, ba ta da mariƙi. In ya sha rana ɗanɗanonsa ma canzawa yake. Sannan ga ledar da ake yarwa: duk inda mutane suka yada zango sai ka ga wurin ya yi fari, iska ta kwasa ta kai makiyaya. Tambayi mahauta abin da suke cirowa daga tumbin awaki da shanu. Dabbar na ci tana ramewa, mai ita bai san leda ce ta cika mata ciki ba. In hanya ta bi da kai ta wani gari kuma ka ga mai lambar NAFDAC, saya ka juye a robarka, ka cusa ledar a jaka har ka iso inda ake zubar da shara.

Fulas shi ne mai ado a cikinsu, kuma shi matasa suka fi so. A 1892 wani masani a Landan, James Dewar, ya ƙirƙiro dabararsa: bango biyu, a zuƙe iskar da ke tsakaninsu, sai zafi ya rasa ta inda zai ratsa. Abin da mutane ke mantawa shi ne fulas ba ya yin sanyi, riƙe abin da aka ba shi kawai yake yi. Ka zuba masa ruwan famfo mai ɗumi, da ɗuminsa zai ba ka da la'asar. Ke nan sai da ƙanƙara, ƙanƙara kuwa sai da wutar lantarki, kuma kowa ya san yadda farashinta ke tashi a Sakkwato in azumi ya faɗo cikin zafi. Da zarar abin da ka cika a gida ya ƙare, ka sake cikawa a rijiyar hanya, amfaninsa ya ƙare, nauyinsa bai ƙare ba.

Nauyin nan shi ne ladansa. Fulas na ƙarfe mai cin lita ɗaya yakan kai kusan rabin kilo babu komai a ciki. Mai buƙatar lita 4 in ya ce duk a fulas zai zuba, ya ɗauki ƙarfen kilo biyu wanda ba ya kashe ƙishirwa. Shi ya sa za ka ga saurayi ya fito tattaki da fulas guda mai ƙyalli, lita ɗaya tal, kafin hantsi ya ɗaga ya shanye, sauran tafiyar yana roƙon abokai. Ɗan ruwa kaɗan mai sanyi bai kai isasshen ruwa mai ɗumi ba, wannan ba ni da shakka a kansa.

Ba ina nufin ba shi da wurinsa ba. Ga direba, ga mai jego da za ta asibiti, ga gajeruwar fita, babu kamarsa. Da sanyin Janairu, in hunturu na kaɗawa da asuba a bakin gulbin Rima, kofin shayi mai zafi daga fulas ya fi komai. Sai dai a guji mai kwalba a ciki, irin na shayin gida, don girgiza ɗaya ya tarwatse. Na ƙarfen ma jabu ya yi yawa a kasuwa, kuma gwajinsa ba wuya: zuba tafasasshen ruwa, rufe, jira kaɗan, taɓa jikin. In ya yi ɗumi, zafi na ratsawa, a mayar wa mai shi. Kada kuma a bar fura ko nono su yini a ciki, tsami suke yi su tara iska, warin kuma ba ya barin robar murfin.

Akwai gorar ƙarfe mai bango ɗaya, wadda ba ta riƙe sanyi ko kaɗan, a rana ma har ƙona hannu take. Amma ita kaɗai ce za ka cire wa murfi ka ɗora a kan wuta ka tafasa ruwan tafki, tafasar minti ɗaya kuwa ta isa ta kashe ƙwayoyin amai da gudawa. Mai kwana a daji ya kamata ya mallaki ɗaya. Mai bango biyu kam kada a kusanta shi da wuta. In gorar ta alminiyam ce, a bar ta ga ruwa zalla, zoɓo da tsamiya na cin jikinta.

Sabon yayi shi ne jakar ruwa ta goyo mai siririn tiyo da ke zagayowa kafaɗa, irin wadda kamfanin CamelBak na Amurka ya fito da ita tun wajen 1989. Kana tafiya kana zuƙa, hannuwanka a sake, nauyin kuma ya kwanta a tsakiyar baya. Amma ba ka ganin abin da ya rage sai ka ji ka zuƙi iska. Ruwan da ke cikin tiyon na yin zafi sosai a rana. In ba a busar da ita ba cikinta na yin baƙin gansakuka, kuma a ƙasar da kowace bishiya ke da ƙaya, huda ɗaya ta raba ka da ruwanka duka. Ga tsada. Mai tseren keke ko gudu zai ji daɗinta, manomi bai buƙace ta.

Wanda na fi amincewa da shi duk cikinsu ba a kanti ake sayar da shi ba. Ka duba bayan babur ɗin ɗan kabu-kabu, ko reshen dalbejiyar da masu yankan albasa ke hutawa a ƙarƙashinta, za ka gan shi: galan ko babbar roba da aka ɗinka wa rigar buhu. Buhun algarara ake nema, ba na leda ba, don shi ke shan ruwa. A yanka shi daidai jikin galan ɗin, a ninka biyu, a ja shi tamau, a ɗinke da basilla da igiya daga ƙasa har wuya, a bar baki da mariƙi a waje. Sai a tsoma shi ya jiƙe sharkaf, a rataya a inuwa inda iska ke ratsawa, ko a ɗaure a wajen jaka ba a cikinta ba. Ba a jima ba sai ka taɓa ka ji buhun ya yi sanyi, ruwan ciki na biye da shi sannu a hankali.

Wannan dabarar salka ce aka ɗora a kan roba, amma da bambanci ɗaya babba. Salka daga ruwan shanka take biyan iska. Nan kuwa ruwan shan na rufe a ciki ko ɗigo bai ragu ba, abin da ke tashi shi ne wanda ka jiƙa buhun da shi, kuma wannan ba sai mai tsabta ba. Ruwan gulbi ya yi, na kududdufi ya yi, wanda ya zuba a wurin alwala ma ya yi, muddin bai taɓa bakin robar ba. Ɗan dako ne da ya yarda a biya shi da abin da dama zubarwa za a yi. Buhun kuma na tare rana, yana kare robar daga ƙaya da ƙarcewa, kuma ko gorar ƙarfen nan mai bango ɗaya aka yi wa irin wannan riga, ta gyaru.

Shi ma yana da nasa sharuɗɗan. Cikin zafin bazara buhun na bushewa da wuri, sai an riƙa sake jiƙawa, in kuwa babu ruwan jiƙawar a hanya, ya koma inuwa kawai. A watan Agusta, da marka ta sauka iska ta cika da laima, sanyinsa raguwa yake ƙwarai, don iskar ba ta da wurin karɓar wani ruwa. Abin daɗin shi ne watannin da muka fi buƙatarsa, daga Nuwamba zuwa Mayu, su ne watannin da iskar Sakkwato ta fi bushewa. Kada a yi amfani da buhun da ya ci taki ko irin shuka mai magani. A bar ɗan siririn tsagi daga sama zuwa ƙasa ba a rufe ba, don a riƙa ganin inda ruwa ya tsaya. In an dawo gida a shanya shi, don in ya kwana a jiƙe a ɗaki wari yake yi.

Ga wanda zai yini a ƙafa cikin zafi, shawarata kada ya fita da ƙasa da lita 4, kuma ya raba su gida biyu, don in ɗaya ta fashe ɗaya na nan. Ruwan alwala daban a buta. In kuwa abu ya yi tsanani har ya zama ruwan da ke hannu na sha ne kaɗai, malamai sun karantar da mu cewa taimama ta halatta, ba a sayar da rai don alwala. A sa ɗan ƙunshin gishiri da sukari a aljihu: ƙaramin cokali 6 na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri a lita ɗaya, ga wanda gumi ko gudawa ta kwashe wa ƙarfi. In fitsari ya yi duhu, kai ya fara sara, a nemi inuwa a sha ruwa tun kafin jiri ya zo. Wanda ya fara sambatu kuwa, a jiƙa masa jiki a yi fifita a nufi asibiti da shi, ba a jira.

Kowane iri ka zaɓa, wanke shi duk ranar da ka yi amfani da shi, musamman zaren murfin inda baƙin datti ke taruwa. In hannu ba ya shiga, 'yar tsakuwa da ruwan sabulu a girgiza a ɗauraye, a kife shi a buɗe ya bushe.

Kirana ga dukawan Madunka da telolin Babbar Kasuwa shi ne su dubi wannan rigar buhu da idon sana'a. Har yanzu kowa da hannunsa yake ɗinka tasa, wata a karkace, wata ta warware cikin mako. A yi ta da algarara mai kyau daidai girman robar lita ɗaya da rabi da ta galan, a sa mata maɗaurin fata na ratayawa da tsagin duba ruwa, a yi ta yadda za a cire a wanke a mayar, a kuma sa mata farashin da ɗan kabu-kabu zai iya biya. Kafin su fara, mai karatu, nemi buhu da basilla ka yi wa robarka tun bazara ba ta kama ba.